Feshin jan baki: ana kashe tsuntsu, ana barin kachala

Da shinkafa ta fara fitar da kai a fadamun Hadeja da Nguru, labarin da za a ji an riga an haddace shi: jan baki ya sauka, manoman Guri da Kiri Kasamma da Bade suna kuka, gwamnati ta yi hayar jirgin feshi. Sai a ɗauki hoton jirgin a filin sauka, a faɗi sa'o'in da zai yi a sama, a ce an shawo kan annoba. Baɗi kuma a maimaita. Shekara nawa za a yi ana wannan kafin wani ya tambayi dalilin da tsuntsun bai ragu ba?

Barnar gaskiya ce, ba mai musu. Tsuntsun da nauyinsa kimanin giram 20 ne kacal, idan ya zo a garke na dubban ɗaruruwa lokacin da tsaba ke ruwa-ruwa, gonar da aka bari da safe ba ita za a tarar da yamma ba. Wanda ya ga yara a kan rumfa tun asuba suna jan igiya mai gwangwanaye, suna wurga majajjawa har muryarsu ta dishe, ba zai raina kukan manomi ba. Matsalar ita ce maganin da aka zaɓa.

Jan baki ba ya ƙarewa da kisa. Mace na yin ƙwai uku galibi, kwanci kwana 10 ne, 'ya'yan su tashi cikin kusan mako biyu, kuma garken na iya sake sheƙa a wani wurin cikin damina guda idan ya bi ruwan sama. Masana na ƙiyasta yawansa a Afirka da kimanin biliyan ɗaya da rabi. Binciken da masanin tsuntsaye Peter Ward ya yi a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya nuna abincinsa na asali tsabar ciyawar daji ce, kuma yunwar farkon damina, lokacin da tsabar ta tsira, tana kashe da yawa daga cikinsu ba tare da an fesa komai ba. Wanda jirgi ya kashe yau, gurbinsa na cika daga Nijar ko Chadi kafin a gama biyan ɗan kwangila.

Sai kuma gubar kanta. Fenthion ake amfani da shi, dangin magungunan da ke lalata jijiya. Ana fesa shi da almuru idan tsuntsaye sun koma makwanci, kuma ba ya tantance wa ya taɓa. Kuskure kaɗan ya isa: iska ta juya, ko matuƙi ya saki maganin daga sama da yawa, ko 'yan leƙen makwanci su ba da wurin jiya alhali garken ya sauya. Sai hazon guba ya sauka a kan ruwa. Tsuntsun da ya sha bai mutu nan take ba yakan yi nisa yana tangaɗi, shirwa da shaho su ɗauke shi, su ma su faɗi. Balbela da zalɓe da ke kwana a wurin ba su tsira ba. Washegari mutane na tsintar matattun jan baki a kwano, a fige, a soya, wasu har kasuwa. Tarayyar Turai ba ta yarda da wannan magani a gonakinta ba, kuma Chadi, maƙwabciyarmu, ita ta kai ƙorafinsa ƙarƙashin Yarjejeniyar Rotterdam, ta cinikin magunguna masu haɗari tsakanin ƙasashe, bayan ya illata masu aikin feshi.

Mu kuwa a ina muke zuba shi? A dausayin da aka sa wani ɓangarensa, Tafkin Nguru da mashigar Marma, cikin jerin Ramsar, na dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, a 2000. A nan tafkin Dagona yake, masaukin agwagin ruwa da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk hunturu, ga kirinjijiya da dinya na gida. Masu cewa sai an cika ciki ake maganar tsuntsaye su je su tambayi masunta abin da suke gani a ruwa bayan jirgi ya wuce.

Gidan jan baki a wannan yanki kachala ce, doguwar ciyawar da ke tsira a cikin ruwa, kuma mu muka shuka ta da hannunmu. Kafin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, kogin Hadeja yakan yi ambaliya da damina ya ja baya da rani, ƙasa ta bushe ta tsage. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, laka ta taru, kachala ta samu abin da take so: ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama makwancin da mutum ba ya iya kutsawa, a bakin gonar shinkafa. Ƙona ta da ake yi da rani aikin banza ne, domin saiwarta na nan da rai a cikin laka, toka ma taki ce gare ta. Abin da ke kashe ta shi ne a yanke ta ƙasa da saman ruwa, kututturen ya nutse, iska ta daina isa ga saiwar, sannan a maimaita sau biyu ko uku a shekara. Aiki ne na lauje da kwalekwale da haƙuri, ba shi da hoton da za a nuna a talabijin, shi ya sa ba ya samun rabin kulawar da jirgi ke samu.

A karkatar da kuɗin hayar jirgin zuwa yankan kachala da yashe hanyoyin ruwa. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta sake duba yadda take sakin ruwa, a bar fadama ta riƙa bushewa. Manoman yanki guda su shuka lokaci ɗaya, kada gonar mutum ɗaya ta zama ita kaɗai ce mai tsaba. A kuma koyi da maƙwabta: a kusa da Tafkin Chadi akwai masu kama jan baki da raga cikin dare, miliyoyi a shekara, su soya su kai kasuwannin Njamena, ba tare da ɗigon guba a naman ba.