Tsakin Turawa da tukunyar da ke kwana a kunne

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa nakan ɗora abin karin kumallo da daddare in je in kwanta, sai da ta yi salati. "Ke 'yar nan, ki bar tukunya a wuta ki yi barci? A gidan haya, a ƙasar mutane?" Na ce Inna, ai ba itace ba ne, lantarki ne. Ta ce lantarkin ai shi ne uban wutar. Har yau ba ta saki jiki da maganar ba, duk hirar da za mu yi sai ta jefo tambayar ko har yanzu ina wannan gangancin.

Ina yi. Kuma tunda a zauren WhatsApp ɗinmu na matan Arewa da ke nan Birtaniya an mayar da ni abar tsokana, wai na zama Baturiya mai shan ots, bari in faɗi nawa a fili.

A Abadin muke zaune, arewa maso gabashin Sikotland. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen tara saura kwata, kafin uku da rabi na yamma ta faɗi. Aikina na kula da tsofaffi ƙarfe bakwai ake shigarsa, ga yara biyu da za a shirya makaranta. Wanda ya ce in tashi cikin wannan duhun da sanyin in dama koko, bai san abin da yake faɗa ba. Shekarar farko burodi da shayi muka yi ta ɗirka, kafin sha ɗaya cikina na kiran ciroma.

Abin da mutanenmu suka sani da sunan ots shi ne na gwangwani, irin na Quaker, wanda ake saya wa marar lafiya ko mai jego tare da madara da Bournvita. Wannan an turara ƙwayar ne an latse ta ta zama fale-fale, shi ya sa minti kaɗan ya ishe shi, shi ya sa kuma yake yauƙi kamar an dama sitaci. Duk wanda ya ce min ba ya son ots, na san shi ya sha, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda nake magana a kai daban ne. Ƙwayar ce ɗungurungum aka cire mata ƙaiƙayi, aka datsa ta gida biyu ko uku da wuƙaƙen ƙarfe. Amurkawa na ce masa steel cut, wato yankan ƙarfe, mutanen nan kuma pinhead, wato kan fil. Ranar da wata tsohuwa da nake kula da ita ta sa na buɗe mata gwangwaninsa na zuba a tafin hannu, dariya ta kama ni. Tsaki ne. Tsaki sak, irin wanda ke saura a rariya in an tankaɗe ɓarzajjen hatsi, wanda muke fate da shi, muke dambu, muke kunun tsaki. Na baro Zariya na ƙetare teku na zo na tarar da tsaki a gwangwani mai tambari.

Matsalarsa ɗaya, taurin kai. A kan murhu sai ya ci rabin awa ko fiye kina tsaye kina juyawa, in kin juya baya ya kama. Nan tukunyar ta shigo. Kasko ne mai kauri na tangaran, zaune cikin gidan ƙarfe mai ɗumama shi a hankali, da murfin gilashi. Wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, ba ta kai ko kusa da ta butar shayi ba. Turawa slow cooker suke ce mata, ni kuwa tukunyar kwana nake ce mata.

Gwajin farko na yi shi da na fale-falen nan don shi ne a gida. Da asuba na buɗe na ga abin da ko bango aka shafa wa zai riƙe takarda. Na biyu na sa tsakin, amma na yi rowar ruwa, na tarar da ƙanzo baƙi ya zagaye kaskon kamar an ɗaura masa ɗamara. Kwana biyu yana jiƙe kafin ya fita. Maigida ya leƙo ya ce, "Maman Walid, wannan kuma hukuncin wane laifi ne?" Ban kula shi ba. Yanzu ga yadda nake yi: in shafe cikin kaskon da man shanu, kofi ɗaya na tsaki, kofi huɗu na ruwa har da ɗan ƙari in daren zai yi tsawo, ɗan gishiri, in sa a mafi ƙarancin zafi wajen sha ɗaya, awa bakwai ya yi. Madara ba ta kwana a ciki, sai da safe, don tana sa gefe ya ƙone. In kuma ba na son wankin kasko, sai in zuba komai a kwanon gilashi mai jure zafi, in ajiye shi cikin kaskon, in zagaye shi da ruwa zuwa rabinsa. Haka ko ɗigon ƙanzo babu.

Inda na rabu da masu ƙasar shi ne wajen kayan haɗi. Su nasu na gargajiya ruwa ne da gishiri, shi ke nan. A wani ƙauye da ake kira Carrbridge, tun 1994 ake gasar dama wannan kunu duk shekara, mutane na zuwa daga ƙasashe, kuma a babban rukunin gasar ba a yarda ka sa komai ba sai ots da ruwa da gishiri. Na fale-fale ma ba a karɓarsa. Kyautar da ake ba gwani siffar sandar juyawarsu ce mai ruwan zinariya, spurtle suke kiranta, ƙanwar muciya ce ba ta da wani bambanci. Tsofaffinsu ma sun ce da hannun dama ake juyawa, kuma ta ɓangaren dama, don kada Shaiɗan ya samu shiga. Da na ji wannan na ce ashe dai kakanni duk ɗaya ne. Amma kunu da gishiri tsura, Allah Ya ba su haƙuri, ban iya ba.

Ni tun da daddare nake jefa citta busasshiya da na ɗan daka, kanumfari uku ko huɗu, masoro kaɗan, wani lokaci da sandar kirfa. Su kwana tare. Ƙamshin da ke tarar da ni a matattakala da asuba, na rantse, na ɗakin girkin gidanmu ne. Da safe in na so na gyaɗa, sai in dama cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar sukari da ruwan zafi in juye, in matsa lemun tsami. Wanda ya saba da kunun gyaɗa mai ƙwayoyin shinkafa ko alkama a ciki ba zai ji baƙunta ba, don tsakin ko ya kwana a wuta yana nan da ɗan abin taunawa. In na so na tsamiya, in jiƙa ta daban in tace in zuba a ƙarshe. Dabino kan maye gurbin sukari. Ragowar kuma in ta huce daskarewa take kamar tuwo, gobe a yayyafa ruwa a yi ɗumame. Mutanen nan na ba da labarin cewa a da can cikin aljihun kabad ake juye kunun ya daskare, a riƙa yanka ana tafiya gona da shi har mako.

To amma ba koko ba ne, kuma masu tsokanata a nan suke da gaskiya. Koko tsaminsa ne ransa, tsamin kuma daga kwanan gero a ruwa yake zuwa, da kwanciyar ƙullu bayan an tace. Tukunyar kwana zafi take bayarwa tun daga farko, babu abin da zai yi tsami a cikinta. Tsamiya da lemo aro ne kawai. Abin da ya ba ni mamaki, su ma mutanen Sikotland sun taɓa yin nasu kokon. Sowans sunansa: dusar ots da ta rage a wurin niƙa suke jiƙawa kwana da kwanaki har ta yi tsami, su tace, su bar ƙullun ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama, su dafa na ƙasa. Duk 'yar da ta taɓa yin gasara ta gane wannan. A wasu yankunan har daren jajiberin Kirsimeti ake kira da sunansa. Yau ka tambayi matashi a titin Abadin, da wuya ya taɓa ɗanɗanawa. Aiki ne mai cin lokaci da hannu, hannun kuma ya tafi wurin aikin albashi.

Wannan ne ya fi tsaya min a rai. A unguwarmu akwai Iya mai koko. Mu dai abin da muka sani, a ba ka kwanon sha da kuɗi bayan sallar asuba, ka je ka bi layi, ka dawo da koko da ƙosai a takarda. Ba mu taɓa lissafa cewa tun shekaranjiya ta jiƙa geron ba, jiya ta wanke ta kai inji, ta tace da hantsi har bayanta ya ƙage, ta surfa wake, yau kuma tun kafin kiran assalatu ta hura wuta. Matan zaurenmu da ke cewa babu kamar karin kumallon gida, gaskiya suka faɗa, sai dai akasarinmu masu miƙa kwano ne a lokacin, ba masu tata ba. A nan babu Iya, babu ƙanwar miji, babu 'yar aike. In ana son abu mai zafi da asuba, ko ni in rasa barci, ko in samu abin da zai kwana a farke a madadina.

Ita kanta tukunyar daga irin wannan larurar ta fito. Wani Ba'amurke Bayahude mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, ya samu rajistar fasaharsa a 1940. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labarin yadda a garinsu da ke ƙasar Lituweniya ake kai tukunyar wake da nama gidan burodi ranar Juma'a da yamma, ta kwana cikin ragowar zafin tanda, saboda addininsu ya hana hura wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya sayi kamfanin Naxon, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke tururuwar fita aiki. Na gaya wa Inna wannan ban ci nasara ba, sai da na tuna mata kan rago da ƙafafuwa da take ɗorawa a garwashi da daddare bayan layya, ta rufe da faranti ta danne da dutse, da safe nama na zamewa daga ƙashi. Ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai garwashi ne, na san halinsa."

Akwai masu ɗaukar abin da zafi ta ɗaya gefen, su ma ban bi su ba. Su ne masu cewa ots ya fi duk wani hatsinmu lafiya, a daina kunu a koma masa. Gaskiya ne yana da wani sinadari mai yauƙi da ke taimakawa wajen rage kitsen jini, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a 1997 a riƙa rubuta hakan a jikin kwali, kuma datsattsen ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar na fale-fale mai dahuwar minti biyu. Amma gero ba ɗan bora ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya sukutum ta ware 2023 ta zama shekararsa, kuma Nijar da Nijeriya na sahun gaba wajen nomansa a duniya. Ots hatsin ƙasa mai sanyi da damshi ne, shi ya sa ya zauna a nan. Har Ingilawa na da tsohuwar tsokana cewa abin da suke ba dawakinsu shi mutanen Sikotland ke ci, irin wasan Fulani da Barebari. Ni ina cinsa ne don shi ne geron inda nake, a kowane kanti akwai shi da araha. Wanda ke Kano ko Maraɗi ya bar gero a kasuwa ya sayi ots ɗin gwangwani da aka yi wa kuɗin jirgi, sai dai in likita ne ya sa shi.

Ƙanwata ta ce in sayo mata tukunyar in na tashi zuwa. Na ce mata ta bari. Abu ne da ke son wuta awa bakwai ba ƙiftawa. In aka ɗauke da tsakar dare, abinci ya kwana da ɗumi-ɗumi a rufe, da safe ba na ci ba ne. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako a duhu. Ita da ke da mai koko a bakin layi, me za ta yi da shi?

Da azumi ne ma maigida ya sauko daga dokin ƙin da ya hau. Ina ɗorawa bayan an dawo tarawihi, ƙarfe huɗu a tashi a tarar da shi da zafinsa, babu ƙarar tukwane, babu tada maƙwabta. Kwano ɗaya da gyaɗa da dabino yana riƙe ciki har la'asar. Daren ashirin da ɗaya na dawo daga aiki a gajiye na yi barci a kan sallaya ban ɗora ba. Da na farka a firgice wajen uku da rabi, sai na ji ƙamshin kanumfari. Shi ya ɗora. Ruwan ya yi masa yawa, citta kuma kamar ya juye gwangwanin duka, Walid na sha yana hawaye yana hura baki. Na ce, "Abban Walid, kofi nawa ka sa?" Ya ce shi bai ga kofi ba, da ludayi ya auna.