Nasiha Ga Magidanta: Kada Ka Bar Ta Ita Kaɗai A Layin Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwana magidanta, da ku nake son yin magana a yau, kuma kaina nake fara yi wa wannan nasiha, domin laifin da zan ambata na daɗe ina aikata shi. Bana shekara 7 ke nan da aurenmu ni da mai ɗakina, kuma har yanzu Allah bai ba mu haihuwa ba. A shekaru huɗun farko ita kaɗai take zirga-zirgar asibiti, ni kuwa abin da nake yi bai wuce ba da kuɗin mota da na magani ba, ina ganin da haka na sauke nauyin da ke kaina.

Ranar da na farga ita ce wata safiya da ruwan sama ya hana ta samun keke daga gidanmu a Tudun Wada, dole na kai ta da kaina. Na tarar da benci cike da mata, kowace riƙe da katinta da ambulan ɗin sakamakon gwaji, amma mazan da ke wurin ba mu wuce uku ba. Da aka kira mu, likitar ta yi ta buɗa fayil ɗin matata, wanda ya yi kauri saboda gwaje-gwajen jini da hotunan mahaifa, har da hoton nan mai zafi da ake tura ruwa don a duba ko hanyoyin ƙwai sun toshe, sannan ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina sakamakonka?" Babu ko takarda ɗaya mai ɗauke da sunana. A hanyarmu ta komawa gida mai ɗakina ta ce da ni a hankali, "Sau uku ana ba ni takardar gwajinka, nauyinka da tsoron ɓacin ranka suka hana ni miƙa maka." Har gobe idan na tuna wannan magana sai jikina ya yi sanyi.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya faɗa a cikin Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, cewa mulkin sammai da ƙasa Nasa ne, Yana halittar abin da Ya so, Yana ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Yana ba wanda Ya so 'ya'ya maza, ko Ya haɗa musu maza da mata, kuma Yana sanya wanda Ya so ya zama bakarare. Ku lura da cewa ayar ba ta keɓe mace da wannan jarrabawa ba. Mu ne muka keɓe ta da ita a al'adance, har muka ware mata suna muna kiranta juya, alhali ba a cika jin an jefi namiji da irin wannan kalma ba.

Ilimin likitanci ma bai goyi bayanmu ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin kowane 6 na manya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki, ko dai shi kaɗai ko tare da matar. Ƙa'idar ita ce idan aka yi wata 12 ana tare ba tare da ɗaukar matakin hana ciki ba kuma ba a samu ba, to su biyun su je a duba su, idan kuwa matar ta kai shekara 35 ba a jira a wuce wata 6. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi kuma yana cikin mafi arha: ya ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi, a duba yawan ƙwayoyin da motsinsu da siffarsu. Abin da ya fi ruɗar mu shi ne ɗaukar ƙarfin namiji a shimfiɗa a matsayin shaidar lafiya, alhali abubuwa ne biyu daban. Hangum da ya kama mutum bayan balaga, da ciwon sanyin da ba a yi maganinsa yadda ya kamata ba, da kumburin jijiyoyin maraina, da shan sigari, duk suna iya rage ƙwayoyin ba tare da mutum ya ji komai a jikinsa ba.

Da na yi gwajin, kuma aka maimaita shi bayan wata uku, domin kusan tsawon lokacin da sababbin ƙwayoyi ke ɗauka ke nan kafin su nuna, sai ga shi ƙarancin daga gare ni yake. Shekara huɗu baiwar Allah tana shan jiƙe-jiƙe da sassaƙe masu ɗaci, tana haɗiye habaici a gidajen suna, ni kuma ana ta ba ni shawarar in ƙara aure don a ga rabona. Ƙarin aure halal ne kuma ba ni da ta cewa a kan abin da Allah Ya halatta, amma wanda ya mai da shi hanyar gwaji saboda gudun zuwa asibiti, idan matsalar tasa ce, mata biyu zai tara suna kuka a gida ɗaya.

Wasu suna fakewa da tawakkali, suna cewa haihuwa ta Allah ce. Gaskiya ne, kuma lafiya ma ta Allah ce, amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci bayin Allah su nemi magani, ya kuma ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da warakarta. Annabi Zakariyya, alaihis salam, ya tsufa kansa ya cika da furfura, bai fasa kiran Ubangijinsa a asirce ba yana cewa, "Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin," wato Ya Ubangijina kada Ka bar ni ni kaɗai, Kai ne mafi alherin magada, kuma da aka amsa masa Allah Ya ce Ya ba shi Yahaya, Ya kuma gyara masa matarsa. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ba ta haihu ba, an yi mata alkunya da Ummu Abdullahi da sunan ɗan 'yar'uwarta Asma'u, kuma hakan bai rage komai daga darajarta a wurin mijinta ko a wurin al'umma ba.

Ga waɗanda magani da tiyata ba su wadatar ba har aka kai ga maganar dashen ƙwai, wato IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, hanya ce da aka fara samun haihuwa da ita a Ingila a 1978, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na birnin Amman a 1986 ta halatta ta bisa sharaɗin ƙwan ya zama na matar, maniyyin na mijinta, a mayar da shi mahaifarta, kuma igiyar aure tana nan. Ƙwan wata mace, ko maniyyin wani namiji, ko aron mahaifa, duk an haramta su saboda kare nasaba. Aikin yana cin miliyoyin naira kuma ba kowane gwaji ake dacewa ba, don haka kafin a sayar da fili ko gwal a zauna da likita a yi masa tambayoyi filla-filla. Abin da ba shi da hurumi ko kaɗan shi ne ƙofar boka, domin hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba na dare 40.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu, ina roƙonku da girman Allah ku sassauta. Tambayar nan ta "har yanzu shiru?" da kuke yi a tsakiyar taron suna, ko da da kyakkyawar niyya kuka yi ta, wadda aka yi wa tana iya kwana tana kuka, domin wataƙila a safiyar ranar ta ga jinin al'ada bayan wata guda tana shan allurai. Da na samu ƙarfin halin zaunar da Hajiyarmu na gaya mata gaskiyar sakamakona, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta aika aka kira mata surukarta, ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, ki yafe mana."

A yanzu ina kan magani, na kuma bar sigarin da nake sha a ɓoye. Ranar Talata mai zuwa za mu koma asibiti tare da ita don karɓar sakamakon gwaji na gaba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sanya mu cikin addu'arsa a sujada, mu da matan nan da na tarar a kan benci.