Tsatsar Sierra Madre ce ke kaɗa agogon rikicin Tekun Kudancin Sin

Duk lokacin da aka tashi maganar Tekun Kudancin Sin, manyan jiragen yaƙi da makamai masu linzami ake lissafawa. Amma inda wuta ta fi kusa da tashi wani ruɓaɓɓen jirgi ne mai suna Sierra Madre, wanda Amurka ta ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1999 sojojin ruwan Filifin suka kafe shi da gangan a kan tudun murjani na Second Thomas, suka zuba masa ƴan tsirarun sojoji. Dalilinsu a fili yake: a 1995 Sin ta mamaye Mischief, wani tudu da ke kusa, wanda daga baya ta cike shi da yashi har ta shimfiɗa titin saukar jiragen sama.

Ta fuskar doka, magana ta ƙare tun ranar 12 ga Yulin 2016. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta bai wa kowace ƙasa mil 12 na ruwa a matsayin yankinta, da mil 200 da ita kaɗai ke da ikon kifi da mai da iskar gas ɗin da ke ciki. Tudun da ruwa ke rufewa idan teku ta cika ba shi da yankin kansa. Kotun sasanci da ta zauna a birnin Hague na ƙasar Holland ta ce Second Thomas da Mischief duk irin wannan tudu ne, kuma suna cikin mil 200 na Filifin, tunda tazarar Second Thomas da tsibirin Palawan na Filifin kimanin mil 105 ce. Ta kuma ce taswirar Sin mai layi tara, wadda take iƙirarin mallakar mafi yawan tekun da ita, ba ta da madogara. Sin ta ƙi shiga shari'ar, ta kuma yi watsi da hukuncin. Najeriya ta haɗiye hukuncin Bakassi na 2002, ta miƙa yankin a 2008, amma babu kotun da ke da ƴansandan da za su tilasta wa Sin. Ita ma Amurka mai wa'azin bin wannan doka har yau majalisar dattawanta ba ta amince da yarjejeniyar ba.

Saboda haka rigimar ta koma kan kai kaya. Sojojin da ke cikin jirgin suna buƙatar ruwan sha da abinci da man janareta da magani, da kuma waɗanda za su canje su. Manyan jiragen masu gadin gaɓar tekun Filifin ba sa iya shiga tsakiyar tudun don ruwan ba zurfi, sai su rako ƙananan jiragen katako na haya su tsaya daga waje. A nan Sin ta riƙa kama su kafin Yulin 2024. Jiragen masu gadin gaɓarta su tare ƴan rakiyar, jiragen da ake kira na masunta su yi wa ƙaramin jirgin zobe, sannan a sakar masa ruwa da mesa mai ƙarfin gaske. Ruwan yana fasa gilashi, ya jiƙa na'urori, ya kashe inji. A watan Maris na 2024 haka ya farfasa gilashin jirgin Unaizah May 4, ma'aikata huɗu suka ji rauni. Ranar 17 ga Yuni kuwa jami'an Sin suka zo da gatura da wuƙaƙe, suka huda kwale-kwalen roba, wani sojan Filifin ya rasa babban yatsansa.

Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, kuma da gangan ne. Yarjejeniyar tsaron Amurka da Filifin ta 1951 hari da makami ta ambata a matsayin abin da zai sa ɗaya ta kai wa ɗaya ɗauki. Mesa da bangaza suna tsayawa daidai ƙasa da wannan layi. Abin da Sin ke hanawa shi ne siminti da ƙarfe da kayan walda, don ta san gishirin teku yana yi mata aiki. Ranar da jirgin ya wargaje, sojojin za su fita, wurin kuma ya bi sahun Scarborough, wani tudun da Sin ta riƙe tun 2012.

Shi ya sa nake ganin amsar Amurka ba ta dace da tambayar ba. A 2023 aka ƙara sansanonin Filifin da sojojinta ke amfani da su daga biyar zuwa tara, a Afrilun 2024 kuma ta kai na'urar harba makamai ta Typhon arewacin Luzon, babban tsibirin Filifin. Waɗannan sun fi fuskantar Taiwan. Makami mai linzami ba ya kai buhun siminti cikin tudun murjani, sai dai ya ba Sin hujjar cewa Filifin ƴar aiken Amurka ce.

Abin da ya yi aiki ƙarami ne. Filifin ta fara ɗaukar ƴan jarida a jiragenta, duniya ta ga bidiyon mesar da gaturan. A Yulin 2024 ƙasashen biyu suka cimma fahimtar wucin gadi kan kai kaya, aka kuma ci gaba da kaiwa cikin sauƙi. Sai dai ba a wallafa takardar ba. Sin ta ce ana sanar da ita tukuna ta duba kayan, Filifin ta ce ƙarya ne.

Matsin bai mutu ba, wuri ya sauya. Ranar 11 ga Agustan 2025, kusa da Scarborough, jirgin masu gadin gaɓar Sin ya yi karo da jirgin yaƙin ƙasarsu yayin da suke korar jirgin Filifin, gaban jirgin masu gadin gaɓar Sin ɗin ya lotse. Da na Filifin suka nutsar, da batun yarjejeniyar 1951 ya taso nan take, domin Shugaba Marcos na Filifin ya faɗa a Singafo a 2024 cewa kashe ɗan ƙasarsa da gangan ya yi kusa da shelar yaƙi. Ƙa'idojin zirga-zirga da ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya (ASEAN) da Sin suka yi alkawarin tsarawa tun 2002 kuwa sun shafe sama da shekara 20 a teburin tattaunawa.