Jariran Sin masu tsagaggen leɓe da abin da alƙaluma ba sa nunawa

Ƙasar Sin tana cikin ƙasashen da aka fi haihuwar jarirai masu tsagewar leɓe ko ta ganɗa, wato rufin baki. Ƙididdigar da asibitocin ƙasar suka tattara tsakanin 1996 da 2005 ta nuna cewa kusan jarirai 17 cikin kowane 10,000 suna zuwa da wannan lalura, kuma abin ya fi yawa a karkara. A ƙasar da ko a 2023, lokacin da haihuwa ta ja baya sosai, aka haifi yara miliyan 9, wannan yana nufin dubban iyalai a kowace shekara.

Leɓe da ganɗa suna haɗewa ne a watanni uku na farkon ciki, sau da yawa tun uwa ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. Gado yana da hannu, haka ma ciwon suga, da wasu magungunan farfaɗiya, da hayaƙin taba. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai, domin kusan rabin mazan Sin suna shan taba, matan kuwa ƙalilan ne ke sha, amma mai ciki tana shaƙar hayaƙin miji a ɗaki da wurin cin abinci. Duk da haka, idan jariri ya zo da tsagaggen leɓe, akwai ƙauyukan da uwar ake tuhuma, har a ce naman zomo ta ci.

A shekarun baya-bayan nan adadin da ake rubutawa ya ragu, kuma ban yarda a yi saurin murna da hakan ba. Tsarin ƙididdigar yana fara lissafi ne daga mako na 28 na ciki, alhali hoton ciki yana iya nuna tsagewar leɓe tun wajen mako na 20, kuma wasu iyayen suna zubar da cikin da zarar an gaya musu. Wanda ba a bari ya kai ga lissafin ba, ba zai bayyana a cikinsa ba. Gaskiya ne tun 2009 gwamnati take raba wa matan karkara sinadarin folik asid kyauta, wato bitamin da ake sha don rage haihuwar jarirai da nakasa, kuma abin a yaba ne, sai dai ba shi kaɗai ya sauke adadin ba.

Abin da ya sa wannan yake min ciwo shi ne lalurar tana gyaruwa. Ana ɗinke leɓe yaro yana da wata uku zuwa shida, a gyara ganɗa kafin ya fara magana sosai, wajen shekara ɗaya. Wahalar tana makonnin farko, lokacin da jariri ya kasa kama mama, nono yana fitowa ta hanci, uwa tana ba shi da cokali ko kwalba ta musamman tana tsoron ya shaƙe. Ƙungiyar Smile Train a Sin ta fara aikinta a 1999, tana horar da likitocin ƙasar tana biyan kuɗin tiyata, kuma asibitocin Sin sun ƙware a aikin.

Saboda haka, a ganina, likitan da ya ga tsagewar a hoto bai gama aikinsa ba sai ya zaunar da iyayen, ya nuna musu hotunan yaran da aka yi wa tiyata, ya gaya musu asibitin da za su je da kuɗin da inshora za ta ɗauka, kafin su koma gida su fuskanci surukai.