Karatu ta waya a lokacin kulle: wayar ta baba ce, malam kuma ba albashi

Har yau in na ji wani babba yana cewa wai lokacin korona yaranmu sun ci gaba da karatu ta intanet sai in ji raina ya ɓaci. Ni na koyar a lokacin, lissafi nake ɗaukar 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi a Kano, don haka bari in faɗi yadda abin ya kasance a wajen mai riƙe da alli.

Ranar 19 ga Maris 2020 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, kafin wata ya mutu kowa ya watse. Tsakiyar Afrilu aka saka dokar kulle a Kano, ga azumi ya kama, ga zafi, ga rashe-rashen dattawa da aka dinga yi a gari kullum sai ka ji sanarwar jana'iza. A cikin wannan hali mai makarantarmu ya buɗe guruf a WhatsApp ya ce kowane malami ya dinga tura darasi. Da farko Zoom muka gwada, ko sati bai yi ba muka haƙura, na kyauta minti 40 yake yi ya yanke, rabin lokacin kuma ya tafi a "Malam ba ma jin ka", "Malam sabis ya ɗauke", ga ƙanin wani yana kuka ga akuya tana nata.

Toh sai muka koma saƙon murya. In rubuta misali a takarda in ɗauki hoto, in yi bayani na minti uku ko huɗu da Hausa da Turanci a gauraye, in tura. Wannan kam ya fi, don bai cin data sosai kuma yaro zai iya saurara sau goma. Amma fa wayar ba ta yaron ba ce. Ta babansa ce, kuma ranar da aka buɗe gari a je cefane baban ya fita da ita neman abin da za a sha ruwa da shi, in ya dawo ba caji, wutar NEPA kuwa sai an ga dama, shagon mai caji a rufe. Gidan da ke da yara biyar 'yan makaranta waya ɗaya, wa za a ba? Na lura namiji ake miƙa wa, macen tana kicin tana taya uwa suyar ƙosai, har wata uwa ta kira ni ta ce "Malam ka yi haƙuri, babansu ya ce mace ba ta riƙe waya." Waɗanda suke turo aikin gida ba su kai rabin ajin ba, a cikinsu ma wasu kana ganin rubutun ka san na yayansu ne ɗan jami'a, wanda dama yana gida ASUU na yajin aiki tun Maris ɗin.

Jihohi irin su Kaduna da Kano sun koma rediyo da talabijin, kuma ni ina ganin nan aka fi dacewa, domin rediyo ce abin da talaka yake da shi, batir biyu ta ishe ka har a ruga. Sai dai rediyo magana take ba ta ji. Malamin da ke cikin situdiyo bai san cewa yaron da ke Rimin Gado ya ɓace tun layi na biyu ba, shi dai gaba yake yi. A aji kallon fuska muke, da ka ga ido ya yi tsuru-tsuru ka san sai an sake. Lissafi kuma ba tatsuniya ba ne, dole wani ya duba littafi ya ce nan ka manta ka ɗauko ɗaya.

Abin haushin ma ba sabon ilimi ba ne wannan. Maƙwabtanmu Nijar tun 1964 suka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, kuma ba su bar yara da akwati kaɗai ba, kowane aji da mutum a ciki yana maimaita musu yana duba aikinsu. Mu kuwa a 2020 muka saki darasi a iska muka ce an yi. Alhali kusan kowace unguwa akwai malami zaune a gida ba aikin yi, da an ba shi ɗan alawus ya tara yara biyar zuwa goma a soro ko gindin bishiya da tazara a tsakaninsu, a kunna rediyo, in an gama ya duba littattafai, da wallahi an tsira da wani abu.

Maimakon haka malaman makarantun kuɗi muka yi wata da watanni ba albashi, iyaye sun ce ba za su biya kuɗin zangon da yaro bai shiga aji ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da kuɗin aljihuna nake sayen data. Abokan aikina biyu ba su dawo koyarwa ba har yau, ɗaya ya buɗe shagon POS.

Wani zai ce ai da babu gara ba daɗi, kuma annoba ta wuce me ya kawo tone-tone. Toh ai rufe makaranta bai wuce ba a Arewa. An buɗe a Oktoba 2020, wata biyu tsakani aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan Jangebe, jihohi suka sake garƙame makarantun kwana, kuma ban ga wani tsari da aka ɗauko daga darasin korona aka yi amfani da shi ba.

Ranar da muka koma aji na ce a buɗe shafin da muka tsaya a WhatsApp. Wata yarinya da ke zama a layin gaba, wadda da ita ce ta ɗaya, ta ɗaga hannu ta ce "Malam wane WhatsApp?" Na goge allo na koma darasin watan Maris.