Kada ku raba yaranmu da Python saboda gudu

Daren jiya a majalisar shayinmu ta unguwar Nima a Accra, ƙanina ya iso da kwamfutarsa, ransa a jagule. Wata shida ke nan yana koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, bayan ya tashi daga shago, har ya rubuta manhajar da ke tsara wa masu kai saƙo a babur hanya mafi kusa tsakanin Mamobi, Madina da Kasuwar Makola. Sai wani babba a harkar ya ce masa wahalar banza yake yi, wai Python tafiyar hawainiya gare shi, ya watsar ya koma wani yaren mai suna C++. "Yaya, ke nan daga farko zan sake?" Tambayar nan ce ta hana ni barci.

Ban musa ba, Python bai da sauri. Amma a san dalili. Tun da Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991, an gina shi ne yadda ba sai ka faɗa wa kwamfuta abin da ke cikin buhu ba, ko shinkafa ce ko wake, wato ko lamba ce ka ajiye ko rubutu. Kai ka huta. Sai dai duk sanda za a haɗa lamba biyu, dole mai fassarar yaren ya kwance bakin buhun, ya leƙa, ya tabbatar, sannan ya yi lissafi. Sau ɗaya ba komai ba ne. To manhajar ƙanina tana da wurare 3,000, kuma tana auna nisan kowanne da kowanne. Kwance buhu sau miliyan tara ke nan.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa, shi ne abin da ke ba ni haushi da waccan shawarar. Akwai Numba, wata manhaja mai ƙara wa Python gudu, tun 2012. Layi guda za ka ɗora a saman aikin, @njit, ita kuma ta duba irin lambobin da aka ba ta a karon farko, ta mayar da aikin zuwa yaren da injin kwamfutar ke ji kai tsaye. Haka muka yi. Da farko mun kunna cProfile, mai auna lokacin da kowane ɓangaren manhaja ke ci, ya nuna mana kusan duk lokacin yana tafiya ne a wuri ɗaya, inda ake auna nisa. Muka zuba lambobin a NumPy, kayan aikin Python na jera lambobi, muka ɗora layin nan. Lissafin da a da sai an sha zagayen shayi ana jiransa, ya fito kafin a miƙo kofi. Sauran manhajar ko harafi ba mu taɓa ba.

Akwai kuma Cython tun 2007, wanda ya samo asali daga Pyrex na Greg Ewing. A can kai ne za ka rubuta wa kowane buhu sunansa, shi kuma ya fassara zuwa yaren C mai sauri. Akwai PyPy, akwai mypyc, akwai Nuitka, su ma hanyoyi ne na ƙara wa Python gudu. Shi kansa Python 3.11 da ya fito a Oktoban 2022 ya fi wanda ya gabace shi gudu da kusan kashi 25 cikin 100 a matsakaici.

Ba na cewa sha-yanzu-magani-yanzu ne. Numba ta ƙware a lissafin lambobi, amma ka ba ta aikin sarrafa rubutu mai yawa, za ta ba ka kunya. PyPy kuma yakan yi rigima da shiryayyun kayan aikin Python da aka rubuta da C. In kuwa intanet ce ke jan ƙafa, duk cikinsu ba mai taimakonka.

Abin da nake so manyanmu su duba shi ne halin da yaran Zango ke ciki. Kwamfutarsu ta hannu ce, daga kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Tiptoe Lane a Circle, batirin ba ya awa biyu idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya zo. Gudu ya dame su fiye da kowa. Amma lokacin koyo ya fi batiri ƙaranci a wurinsu. Yaron da ya sha wuya wata shida ya fara ganin haske, ka ce masa ya koma baƙi da wasali, wallahi da yawa ba sa dawowa. Na ga uku da suka bari haka.

Ƙanina zai koyi C, ni zan zaunar da shi, domin ya gane abin da Cython ke yi a ƙarƙashi. Amma sai manhajarsa ta shiga hannun masu babur tukuna. Ranar Asabar bayan la'asar za mu gwada ta da mutum biyu daga Mamobi, duk mai son gani ya zo da kwamfutarsa.