Ba Kowace Sabuwar Laftof Ce Jabu Ba

A shagunan gyaran kwamfuta na Gusau, ana yawan jin masu saye suna cewa laftof ɗin zamani jabu ce, tunda ta hannu da aka shigo da ita daga Turai takan fi sabuwa fil daɗewa. A ganina, wannan kwatancen bai yi adalci ba. Da yawa daga cikin tsofaffin nan, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, an ƙera su ne domin ma'aikatu, da jiki mai ƙwari da mahaɗin murfi mai jure buɗewa da rufewa, alhali mai arahar da ɗalibi ke saya sabuwa ta roba ce marar kauri.

Abin da ya ragu da gaske shi ne sauƙin gyara. Tun bayan da Apple ya fitar da laftof ɗin MacBook Pro mai sikirin na Retina a 2012, aka yawaita liƙe RAM (ma'adanar bayanai ta wucin gadi) da dalma a jikin uwar allo (babban allon da ke haɗa sassan kwamfuta) da manne batir da gam, har ƙaramar matsala takan tilasta sauya babban sashe mai tsada. Ga kuma zafin bazara da kan haura digiri 40 yana gajiyar da batir, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar da ke cikin siririn jikin.